Daga Gotha Zuwa Reckahn: Bin Sawun Sarakunan Da Suka Tilasta Makaranta

A ƙasar Jamus uba ba shi da ikon riƙe ɗansa a gida ranar makaranta, ko da shi farfesa ne ya ce zai karantar da abinsa da kansa. Doka ta hana. In yaro ya yi fashi ba dalili takarda za ta iso gida, in aka maimaita tara ta biyo baya. A 2018 har 'yan sanda aka gani a filayen jirgin sama na jihar Bavaria suna tare iyayen da suka kwaso 'ya'ya za su tafi yawon shaƙatawa tun ba a ba da hutu ba. Ɗan ƙanwata da ke aikin jinya a Erfurt ne ya ba ni wannan labari, yana ba ni haƙuri kan abin da ya hana shi kawo yaransa gida su yi Sallah da mu. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina hedimasta, ina bin iyaye gona-gona ina roƙon a sako mini yara, sai maganar ta tsaya mini a rai. Wa ya fara wannan tilas, kuma me yake nema da 'ya'yan mutane? Da Allah ya nufa na je duba su, na ce masa ni ba kantuna na zo gani ba, ya kai ni inda abin ya faro.

"To Kawu, sai mu fara da Gotha, ga ta nan kusa da mu," in ji shi.

Gotha ƙaramin gari ne a jihar Thüringen, jirgin ƙasa daga Erfurt ba ya cin rabin sa'a. Kana fitowa daga tasha ka bi ta cikin lambu mai dogayen itatuwa, sai ga fadar Friedenstein a kan tudu, fara, shimfiɗeɗiya, da hasumiya biyu da ba su yi kama da juna ba. Ba ado, ba ƙyale-ƙyale a jikinta. Wanda ya gina ta sunansa Ernst, Jamusawa na yi masa laƙabi da Mai Tsoron Allah. Ya hau sarautar Gotha a 1640, ya aza harsashin fadar a 1643, lokacin Yaƙin Shekara Talatin bai ƙare ba. Yaƙin nan da aka soma a 1618 aka gama a 1648 ya yi wa Thüringen kaca-kaca. Ƙauyuka sun zama kufai, a wasu yankuna rabin jama'a sun tafi, wasu ta takobi, wasu yunwa, wasu annoba. A saman ƙofar fadar an sassaƙa mata biyu rungume da juna, an rubuta cewa zaman lafiya ke ciyarwa, fitina ke cinyewa.

Tun kafin ya fara ginin gidansa, a 1642, Ernst ya fitar da dokar makaranta. Shugaban babbar makarantar garin, Andreas Reyher, shi ya tsara ta. Kowane yaro, namiji da mace, na birni da na ƙauye, da ya cika shekara biyar a kai shi makaranta, kuma ba ya fita sai an jarraba shi an ga ya iya abin da aka tsara. Karatu rani da damina, sai 'yan makonnin girbi da ake sallamar yara su taya iyaye aiki. Uban da ya riƙe ɗansa a ci shi tara, in ya ƙi ji tarar ta ƙaru. An raba yara aji-aji, an fayyace abin da za a koyar kowace sa'a, aka kafa maɗaba'a a garin don buga littattafan. Har ɗan littafi Reyher ya rubuta kan abubuwan halitta, tsirrai da dabbobi da yanayin sama, don 'ya'yan manoma. Bai tsaya kan yara ba, manya ma limaman coci na tara su ana yi musu tambayoyin addini, wanda ya kasa amsawa a sa shi a sahun masu koyo. Daga nan aka riƙa cewa manoman Ernst sun fi masu sarautar wasu ƙasashe ilimi.

Ba shi ne farkon wanda ya yi tunanin ba. Tun 1524 Martin Luther, jagoran Kiristoci 'yan Furotesta, ya rubuta wa shugabannin biranen Jamus cewa su buɗe makarantu, a 1530 kuma ya kawo hujjar da har yau ban ji wadda ta fi ta fito da ainihin maganar fili ba: in hukuma na da ikon tilasta wa talaka ɗaukar mashi da bindiga ranar yaƙi, to tana da ikon tilasta masa kai ɗansa makaranta, don yaƙi da Shaiɗan ya fi wancan tsanani. Ka ji tun daga tushe an haɗa makaranta da aikin soja a jimla ɗaya. Ƙaramar ƙasar Pfalz-Zweibrücken ta yi irin dokar a 1592, Weimar a 1619. Abin da ya bambanta Gotha shi ne ƙanƙantarta. Ƙasa ce da sarki zai iya zagayawa a kan doki, ya san limamin kowane ƙauye, ya aiko masu bincike su dawo masa da rahoto a rubuce. Inda idon sarki ke kaiwa, doka na aiki.

Wani abu da ya ba ni sha'awa a fadar, ko da yake ya ɗan kauce wa abin da ya kai ni: a 1652 wani malamin coci Bahabashe, Abba Gorgoryos, ya sauka a nan baƙon Ernst, shi da abokinsa Hiob Ludolf da ya yi fice a nazarin harsunan Habasha. Ɗakin karatun da ke cikin fadar kuma yana riƙe da dubban littattafan hannu na Larabci da Turkanci da Farisanci. Na so in daɗe a nan, amma yaron nan ya ce jirgi ba ya jira.

Halle ta fi Gotha girma da hayaniya, birni ne na gishiri da masana'antu a bakin kogin Saale. Daga kasuwar tsakiyar gari tafiyar ƙafa kaɗan ce zuwa wani dogon gini mai hawa-hawa, a goshinsa an zana gaggafa biyu suna tashi zuwa rana. Gidan marayun August Hermann Francke ke nan. Francke a Gotha ya tashi, mahaifinsa mashawarci ne a fadar Ernst, saboda haka ya ga makarantar tilas da idonsa tun yana yaro. Da ya zama fasto a Glaucha, wata unguwar matalauta da ta cika da gidajen giya a gefen Halle, sai ya ajiye akwatin sadaka a gidansa. A 1695 ya buɗe ya tarar da tala huɗu da giroshi goma sha shida, kuɗin ƙasar na lokacin, ya ce wannan jari ne na kirki, da shi zai buɗe makarantar 'ya'yan talakawa. A 1698 aka fara babban ginin. Kafin rasuwarsa a 1727 ɗalibai sun haura dubu biyu.

In ka ratsa ta bayan ginin sai ka faɗa wani dogon tsakar gida da itatuwa a jere, gine-gine dama da hagu, ɗaya daga cikinsu na katako da ƙasa ne mai hawa da yawa, tsawonsa ya wuce mita ɗari. Gari ne sukutum a cikin gari. Akwai makarantar marayu, da ta 'ya'yan masu sana'a, da ta Latin don masu shirin jami'a, da ta 'ya'yan manya masu biyan kuɗi mai tsoka. Kowa da matakinsa, ba a cakuɗa su. Kuɗin tafiyar da wurin kuwa daga kantin magani yake fitowa, wanda ke aika magunguna har ƙasashen waje, da kantin littattafai, da maɗaba'ar da aka kafa a 1710 tana buga Baibul da araha yadda talaka zai iya saya. A can saman bene akwai ɗakin da suka tara abubuwan mamaki na duniya don koyarwa, har da kada a rataye a rufi da kayan da 'yan mishan suka aiko daga Indiya. Ɗaliban jami'a matalauta su ne malamai, ladansu abinci kyauta, ana koya musu yadda ake koyarwa. A nan na fi daɗewa tsaye, don horar da malami shi ne abin da sauran masu doka suka riƙa mantawa.

Sai dai wurin ba gidan wasa ba ne. Francke ya yi imani cewa yaro na zuwa duniya da son zuciya da taurin kai, aikin malami shi ne ya karya wannan son zuciyar ya miƙa ta ga Ubangiji. Ba wasa, ba hutu na a-zo-a-gani, ba a barin yaro shi kaɗai ba ido a kansa, kowace sa'a da aikinta. Ya hana malamai duka cikin fushi, amma ba don sassauci ba, don yana son biyayyar ta fito daga cikin zuciya, yaro ya zama mai tsaron kansa ko ba kowa. Ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, wannan ai ya fi bulala tsanani." Na ce masa shi ya sa sarki ya so abin.

Sarkin kuwa shi ne Friedrich Wilhelm na Ɗaya na Furushiya, masarautar Jamusawa mai babban birni a Berlin, wanda ya ziyarci wannan gida a 1713, shekarar da ya hau gado. Don mu ga nasa aikin muka nufi Potsdam, kusa da Berlin.

Shi wannan bawan Allah ana ce masa Sarkin Soja. Yana hawa ya sallami galibin fadawan mahaifinsa, ya sayar da dawakai da kayan alatu, ya zuba kuɗin a rundunar yaƙi. Ya gaji sojoji wajen dubu arba'in, ya bar wajen dubu tamanin a 1740, a ƙasar da jama'arta ba su kai miliyan biyu da rabi ba. Yana da wata runduna ta dogayen mutane zalla da yake sa a nemo masa daga ko'ina a Turai. Sandarsa ba ta rabuwa da hannunsa, kuma yana amfani da ita a kan ma'aikaci da ɗan cikinsa. Shi ne ya ce tsira ta lahira ta Allah ce, amma duk sauran abubuwa nasa ne. Wuƙa da nama na hannunsa, ba majalisar da za ta ce masa don me.

Ranar 28 ga Satumba 1717 wannan mutum ya sa hannu a dokar da ake yawan ambata a matsayin mafarin makarantar tilas a Furushiya. Iyaye su tura 'ya'yansu kullum a lokacin hunturu, a lokacin aikin gona kuma aƙalla sau ɗaya ko biyu a mako don kada su manta abin da suka koya. Kuɗin makaranta fenik (ƙananan tsabar kuɗi) shida a mako, wanda ba shi da hali a biya masa daga asusun sadakar gari. Amma akwai 'yan kalmomi a cikin dokar da suka zare mata laka: ta shafi wuraren da akwai makaranta ne kawai. Yawancin ƙauyuka kuwa babu. Da mashawartansa suka yi ƙorafin tsada, ya amsa musu cewa in ya gina ƙasa ya gyara ta bai samar da Kiristoci ba, aikin banza ya yi. Inda ya fi sa ƙarfi shi ne gabashin ƙasar, wadda annobar 1709 zuwa 1711 ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanenta, ya kuma cika ta da baƙi, ciki har da dubban 'yan Furotesta da aka koro daga Salzburg a 1732. Jama'a ce mai harsuna daban-daban, yana so su zama talakawan sarki ɗaya. A 1736 ya fitar da ƙa'idar gina makarantu a can, ya ware tala dubu hamsin. Makarantun ƙauye suka ƙaru har suka haura dubu.

A tsakiyar Potsdam muka tsaya gaban gidan marayun soja da ya buɗe a 1724, kwaikwayon na Halle. Ginin da ke tsaye yanzu ɗansa ne ya sabunta shi, yana da ƙubba da mutum-mutumin wata mace mai ruwan zinariya a sama, ofisoshin gwamnati ne a ciki. 'Ya'yan sojoji ake tarawa a nan, a koya musu addini da karatu da lissafi, a kuma ba da hayarsu ga masana'antun bindiga da na saƙa. Mazan in sun girma hanyarsu ɗaya ce, bariki. A 1733 sarkin ya raba ƙasar gunduma-gunduma, kowace runduna da inda take ɗiban samari, ana rubuta sunan yaro a rajista tun bai balaga ba. Littafin limamin coci da ya nuna wanda ya isa shiga makaranta, shi ne dai ke nuna wanda ya isa ɗaukar bindiga.

Su wa ke koyarwa a waɗannan makarantu? Nan ne na ji tausayin abokan sana'ata na da. Dokar 1722 ta ce a zaɓi malamin ƙauye daga cikin tela, masaƙi, maƙeri, kafinta ko mai gyaran ƙafar keken doki, don ya ci da sana'arsa tunda albashin ba ya riƙe mutum. A 1738 ma aka keɓe wa malamai ɗinki a ƙauyuka, a matsayin taimako. Aji shi ne ɗakin da malam ke kwana da iyalinsa, yana ɗinki yara na rera haddar tambaya da amsa ta addini. A wasu wuraren ko ɗakin babu, makaranta na yawo gida-gida, malam na cin abinci gidan da layi ya zo kansa.

Da la'asar muka hau tudun Sanssouci, fadar shaƙatawar ɗansa, Friedrich na Biyu, wanda ake kira Babba. Matakala ce hawa-hawa da kurangar inabi, fadar rawaya a sama, ba ta da girma. A gefe guda kabarinsa yake, dutse shimfiɗe a ƙasa kusa da na karnukansa, sai 1991 aka cika masa wasiyyar a binne shi a nan. Mutane na ajiye dankalin Turawa a kan dutsen, don shi ya matsa wa manoma su shuka shi. Wata tsohuwa na gani ta fito da nata daga jaka ta ajiye kamar mai kai gaisuwa.

Shi Friedrich ba mai addini ba ne irin mahaifinsa. Faransanci yake magana da rubutu, yana raina Jamusanci, ya ajiye marubucin Faransa Voltaire a fadarsa shekaru. Amma wata shida bayan ƙare Yaƙin Shekara Bakwai, ranar 12 ga Agusta 1763, ya fitar da babbar dokar makarantun ƙauye ta dukkan ƙasarsa, kuma mai tsoron Allah ne ya rubuta masa ita, Johann Julius Hecker. Hecker almajirin Halle ne, ya yi aiki a gidan marayun Potsdam, sannan ya buɗe makarantar koyon abubuwan sana'a a Berlin a 1747 da ta horar da malamai a 1748. Dokar ta ce daga shekara biyar zuwa sha uku ko sha huɗu. Ta faɗi sa'o'in karatu na hunturu da na bazara. Ta ce malam ya riƙe rajistar masu zuwa da masu fashi, fasto ya leƙa aji sau biyu a mako, uban da ya ƙi a ci shi tarar giroshin goma sha shida. Har ta ce gari ya ɗauki makiyayi na haya don kada a fake da kiwo a hana yara zuwa. Kuɗin makaranta kuma hawa-hawa ne: mai koyon baƙaƙe fenik shida, mai karatu tara, mai rubutu da lissafi giroshi guda, daidai da fenik goma sha biyu. Wato uban da ke son ɗansa ya iya rubutu sai ya ninka kuɗi.

A takarda ba abin da ya rage. Abin da babu shi ne kuɗin sarki. An ɗora nauyin a kan ƙauyawa da manyan masu ƙasa, su kuwa masu ƙasar ba su ga amfanin ɗan talakan da ke ɗaure da gonarsu ya iya karatu ba, ƙwadagonsa suke so. Sarki ya shawarci malamai su shuka itatuwan da tsutsar siliki ke ci su ƙara samu. A 1779 ya ba da umarni a riƙa ba tsofaffin sojojin da suka naƙasa aikin koyarwa. A wannan shekarar ce kuma ya rubuta wa ministansa Zedlitz abin da ke zuciyarsa: mutanen karkara ya ishe su su ɗan iya karatu da rubutu, in suka san abu da yawa sai su gudu birni kowa na son zama magatakarda, a koya musu abin da zai sa su zauna a ƙauyukansu, da addinin da zai hana su sata da kisa. Ban ga laifin mai yaba wa waɗannan sarakuna ba, don sun fara abin da ya amfani duniya. Amma wanda ya ce ƙaunar ilimi ce ta sa su, bai karanta wasiƙar nan ba. Talaka mai jin magana suke so, mai karanta umarni, mai biyan haraji, mai tsayuwa a sahu. Sun auna masa ilimin da cokali.

Mu ma ba baƙin wannan ba ne. Dattawanmu sun ba mu labarin zamanin En'e, yadda hakimi ke aiko wa dagaci a kawo yara kaza makarantar elementare, iyaye su ɓoye nasu, a kama ɗan wanda ba shi da mai tsaya masa. Kuma tun 2004 Nijeriya na da dokar ilimin bai-ɗaya da ta ce uban da ya hana ɗansa makaranta a gargaɗe shi, in ya sake a ci shi tarar naira dubu biyu ko wata guda a gidan yari. Ni dai duk zamana a ofis ban taɓa ganin an kai uba kotu a kanta ba. In ma an kai shi, wane aji za a sa ɗan nasa, wanda ke da yara ɗari da malami ɗaya? Rubuta doka araha ne, malami ke da tsada.

Daga Berlin abin ya tsallaka Ostiriya, kuma ta hannun abokan gaba. Johann Ignaz Felbiger, shugaban wani gidan ibadar Katolika a garin Sagan na yankin Silesiya, ya je makarantar Hecker a ɓoye ya ga yadda ake yi, ya tsara wa Friedrich dokar makarantun Katolika na yankin Silesiya a 1765. Sarauniya Maria Theresa, wadda Friedrich ya ƙwace wa Silesiyar da yaƙi, ta haɗiye fushinta ta nemi ya ba ta aron mutumin. Ranar 6 ga Disamba 1774 ta sa hannu a dokar da ta tilasta karatu daga shekara shida zuwa sha biyu, maza da mata, da ƙaramar makaranta a ƙauye, babba a gari, da ta horar da malamai a babban birnin kowane lardi. Ita ce ta ce makaranta harkar mulki ce, kuma haka za ta ci gaba da zama. Hotonta ne a jikin azurfar nan ta liyari mai shekarar 1780 da ta yi yawo a kasuwannin Kano da Barno. In ka jera su, Gotha ta ba Francke, Francke ya ba Hecker, Hecker ya ba Felbiger, kamar salsalar malaman zaure, kowa da wanda ya ɗauka a wurinsa.

Wuri na ƙarshe da muka je ba ya cikin littafin masu yawon buɗe ido. Reckahn ƙauye ne kudu da garin Brandenburg, tafiyar kilomita goma ko kusa da haka, bas ɗin da ke zuwa ba ya yawan zirga-zirga, sai ka duba lokaci tun daga gida. Fili ne shimfiɗe, ƙasa mai yashi, dazuzzukan itatuwa masu tsini da tafkunan kifi. Mai ƙasar a wancan zamani, Friedrich Eberhard von Rochow, tsohon hafsan soja ne. A 1771 da 1772 yunwa da cuta suka auka wa ƙauyukansa. Ya ɗauko likita ya biya, ya sayi magani ya raba kyauta da takardar yadda za a sha. Mutane suka karɓa suka ajiye, suka tafi wurin bokaye, suna ta mutuwa. Da ya bincika sai ya ga ba sa iya karanta takardar, in an karanta musu ma ba sa gane abin da take nufi. Wannan fa shekara hamsin da ɗoriya bayan dokar 1717, kusan shekara goma bayan ta 1763, kuma ba a wata uwa duniya ba, tafiyar yini guda daga fadar sarki.

A 1773 ya gina makaranta da kuɗinsa. Tana nan har yau, ta zama gidan tarihi: gini mai hawa ɗaya kusa da coci, da manyan tagogi don haske, aji daban, ɗakin malam daban, abin da a lokacin baƙo ne a ƙauye. Ya soke kuɗin makaranta. Ya ɗauki Heinrich Julius Bruns ya yanka masa albashin da zai riƙe shi ba sai ya yi ɗinki ba. Ya raba yara manya da ƙanana, ya ce a riƙa yi musu tambaya suna tunani suna amsawa maimakon hadda kawai, a koya musu abin da ya shafi gona da lafiya da lissafin kasuwa. A 1776 ya buga littafin karatu na gajerun labarai don 'ya'yan manoma, wanda aka yi ta sake bugawa ana fassarawa. Baƙi sama da dubu suka yi ta zuwa kallon makarantar, har da minista Zedlitz. Da Bruns ya rasu a 1794, Rochow ya kafa masa dutsen tunawa a lambunsa da rubutu gajere: shi malami ne.

An jera bencina irin na farkon ƙarni na ashirin a ajin, da allunan dutse da tawada, baƙo na iya zama. Na zauna, gwiwoyina suka ƙi shiga. Ɗan ƙanwata ya tambayi matar da ke kula da wurin ko manoman sun yi murna da makarantar, ya fassara mini amsarta: ba duka ba, don yaron da ke aji hannu ne da aka rasa a gona. Shi kansa Rochow bai ce a 'yanta su daga gonarsa ba. Manomi mai hankali yake so, ba manomin da zai tashi ya bar shi ba.

Sauran labarin a bakin hanya muka yi shi muna jiran bas. A 1794 kundin dokokin Furushiya ya ce makarantu da jami'o'i na hukuma ne. A 1806 Napoleon na Faransa ya ragargaza rundunar da ake taƙama da ita a Jena da Auerstedt, a 1807 ƙasar ta rasa kusan rabinta, sai a sannan aka ɗauki horar da malamai da gaske, aka yi ta buɗe kwalejojinsu lardi-lardi. Duk da haka a 1816, kusan shekara ɗari bayan dokar 1717, kimanin yara 60 cikin 100 ne ke zuwa makaranta. Wajen 1846 suka haura 80. Daga nan baƙi suka fara zuwa koyo: Victor Cousin daga Faransa a 1831, Horace Mann daga Amurka a 1843, jiharsa Massachusetts ta yi tata dokar a 1852. Ingila sai 1880, Faransa 1882.

Yaran da suka fi wuyar kamawa a lokacin ba na gona ba ne, na masaƙu ne a yammacin ƙasar, masu aikin dare da rana. Limamai da malamai sun yi ta kuka ba a saurare su ba. A 1828 wani janar mai suna von Horn ya kai wa sarki rahoto cewa yankunan masana'antu sun kasa cika adadin samarin da ake ɗiba soja, aikin ƙuruciya ya nakasa su. Sarki ya sa a duba. Aka ja ƙafa har 1839 kafin a fitar da dokar da ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara tara ba aiki a masana'anta, ta kuma ce wanda bai kai sha shida ba sai ya nuna ya yi shekara uku a makaranta. Sufetocin da za su shiga su duba ko ana bin ta kuwa sai a 1853 aka tanade su.